Manomin da Ya Toshe Hanyar Gonarsa

Akwai wani manomi da gonarsa take bakin gari. A zamaninsa garin ya yi ta cika. Ana haihuwa, baƙi kuma suna tahowa daga ƙauyuka da kayansu a kai suna neman ɗakin haya. Gidan manomin ma ya yi musu kaɗan, gama 'ya'yansa maza sun yi aure, kowa da matarsa da yaransa a ɗaki guda.

Wata rana dillalin filaye ya ce masa, "Baba, ka riƙe gonar nan da kyau. Yadda mutane ke ƙaruwa, gari zai iso ta. Ka sayar da rabi, ka gina wa 'ya'yanka a rabin."

Manomin ya ji daɗi ƙwarai. Sai dai akwai wata 'yar hanya da ta ratsa gonar, mata na bi zuwa rijiya, masu keke na bi zuwa tasha. Ya ce a ransa, "In na bar ta ta daɗe, mai unguwa zai ce titi ne, a yanke mini fili a banza." Sai ya saro ƙaya ya toshe ta gaba da baya.

Matarsa Rifkatu ta ce, "Maigida, mutanen nan fa ba su ci maka komai ba."

Ya ce, "Sun taka mini gyaɗa. Ke dai zuba ido, za ki kwana a gidan siminti."

Mutane ba su yi faɗa da shi ba. Suka kewaya ta gonar maƙwabcinsa Barnaba, shi kuwa ya ƙyale su. Da ƙafa ta yi yawa a wurin, wata mai ƙosai ta kafa kaskonta. Mai shayi ya bi ta, mai faci ya zo ya rataya taya a jikin bishiya. Masu neman fili suka fara tambayar Barnaba, gini ya bi hanyar nan hagu da dama, har gidaje suka juya wa gonar manomin baya.

Bayan shekaru dillalin ya kawo mai saye. Mutumin ya kewaya, ya leƙa ta tsakanin katangu, ya ce, "Filin na da kyau, Baba. Ta ina ake shiga?"

Manomin ya duba gabas, ya duba yamma, ko'ina katangar gidajen mutane ce. Mai sayen ya hau babur ɗinsa ya tafi. 'Ya'yan manomin suka ci gaba da zama a matse, jikoki na kwana a zaure.

To, ga ma'anar misalin, ku kuma na bencin baya ku daina raɗa, ba kullum ake samun mai bayani irina ba. Gonar ita ce abin da Allah ya ba ka: gidanka, lokacinka, har wurin zamanka a majami'a. Masu ratsa gonar su ne mutanen da Ubangiji yake ta ƙaro mana. Manomin ya so tsadar da yawan jama'a ke kawowa, amma bai so jama'ar ba. Ya manta fili ba ya tsada don ƙasarsa, sai don ƙafafun da ke bi ta wurin.

Na san matsi ba daɗi. Ni kaina ran Lahadi wata baƙuwa ta zauna mini a kujerata ta bakin taga, na tsaya a baya da sabuwar rigata, ba wanda ya ko yaba ɗinkin. Amma majami'ar da ta ƙi matsawa ta ba baƙo wuri, baƙo ba zai yi gardama da ita ba. Zai kewaya kawai, albarkar da ya ɗauko ta sauka a wata ƙofa. Saboda haka, 'yan'uwa, kowa ya koma gida ya duba inda ya zuba ƙaya, ya kwashe ta tun mutane suna bi ta wajensa.