Goɗiyar Tunau da Tsohon da Ya Ɓata

An gama cin tuwo, yara suka kewaye Gwaggo Hakama a tsakar gida. Ta miƙe ƙafa ta ce, "Ga ta nan, ga ta nanku, tafe take a kan goɗiya."

Suka ce, "Ta zo mu ji ta, Gwaggo."

Wani mutum ne wai shi Tunau. Yana da goɗiya baƙa wuluk, yana kuma da uba tsoho tukuf, Baba Nomau. A da tsohon ke kula da goɗiyar, shi ke wanke ta, shi ke zuba mata harawa. Da tsufa ya yi nisa, sai hankalinsa ya soma gushewa. Ya manta sunayen jikokinsa. Kullum zancensa ɗaya, wai zai tafi Dutsen Kanya ya gai da innarsa, alhali innar ta rasu tun ba a haifi Tunau ba.

Ran nan da safe Tasalla, matar Tunau, ta kai wa tsohon koko, sai ta tarar da ɗaki wayam. Ba shi, ba sandarsa.

Tunau ya leƙa rijiya, ya zaga bayan gari, bai ga kowa ba. Sai ya ruga turke. Goɗiya ta yi birgima, bayanta duk rairayi, bai tsaya kakkaɓewa ba. Ya wurga mata zubka, shimfiɗar nan ta ƙarƙashin sirdi, wadda gumi ya bushe a jikinta har ta yi tauri kamar ƙirgi. Ya ɗora sirdi, ya ja majayi, maɗaurin sirdin, tamau, ya haye, sai hanyar Dutsen Kanya.

Rana ta take, ya tsaya wata rijiya ya shayar da goɗiya. Ya tambayi wata mata mai jan ruwa ko ta ga tsoho mai sanda. Ta ce ba ta gani ba. Amma ta nuna masa hammatar goɗiyar, inda majayi ya tuje gashi, ta ce ya sassauta, ya goge wurin.

Ya ce, "In na ga ubana na duba." Sai ya wuce.

Ya isa Dutsen Kanya, ya bi gida gida, ba wanda ya ga tsohon. Sai ya juyo. Ya faɗa wata kasuwa, ya tambayi wani baduku mai suna Cindo. Cindo ya ce bai gani ba, amma yadda goɗiyar ke lanƙwasa baya bai yi masa ba. Ya sa Tunau ya sauke sirdi. Ga gadon bayan nan gashi ya zube faɗin tafin hannu, fata ta yi ja. Cindo ya ce ya dakata zuwa la'asar, a wanke zubka, a cusa wa sirdin audugar rimi.

Tunau ya zauna. Ya tashi. Ya sake zama. Can sai ya ji wani yana cewa an ga wani tsoho a mashigin kogi. Ya fizge sirdin daga hannun Cindo, ɗinki ko rabi bai kai ba, ya ɗaura, ya sukwane. Da ya isa kogi, ashe wani masunci ne ke gyaran komarsa.

Kwanaki suka shuɗe. Tunau ba barci, ba cin kirki. Yau yana gabas, gobe yana yamma. Goɗiyar da ke haniniya in ta gan shi, yanzu da ta hango sirdi sai ta kwantar da kunne ta kai masa cizo.

Ya biyo ta wata ruga, ya tambayi wani makiyayi. Makiyayin ya ce bai gani ba, ya ɗaga sanda ya nuna masa carki da ke shawagi a bayan goɗiyar. Ya ce tsuntsayen nan miki suke bi, in bai sauka yau ba, gobe da ƙafa zai nemi ubansa. Hawaye ya zubo wa Tunau, amma bai sauka ba.

Bai yi nisa ba, a gindin wani marke kusa da ɗan ƙauye, sai goɗiya ta durƙusa. Ya zungure ta, ta ƙi tashi. Ya ɗaga bulala. Sai ta juyo da kai ta ce, "Tunau, ɗaga sirdin ka gani tukuna."

Ya ɗaga. Zubka ta manne da nama, da ƙyar ta ɓamɓaru. Miki ya buɗe, ƙudaje suka yi caa. Tunau ya yar da bulala.

Mutanen ƙauyen suka ba shi ruwan ɗumi da gishiri ya wanke mikin, suka ba shi man kaɗanya ya shafa. Ya karyo reshe yana korar ƙuda. Amma zuciyarsa na kan hanya. Ya ruga bakin hanya ya hanga, kafin ya dawo carki sun sauka suna caccakar mikin. Ya kore su, ya sake rugawa. In ya tafi, goɗiya ta mutu. In ya zauna, ubansa na can daji. Duk matafiyin da ya gifta sai ya tare shi, ya kwatanta masa tsohon, ya ba shi saƙo ga Tasalla.

Ana nan, wata la'asar, sai ga wani tsoho ya ɓullo ta siririyar hanyar bakin rafi. Rigarsa ta yage, ƙafafunsa duk faso, yana riƙe da guntun rogo da wani ya ba shi. Ashe tsohuwar hanyar da ya sani tun yana yaro ya biyo, wadda mutane suka daina bi, yana kwana a bukkokin gona. Shi kuwa Tunau ta babbar hanya yake ta kai da kawowa, yana wuce shi.

Tunau ya ruga ya riƙe shi, ya ce, "Baba!"

Tsoho bai ko dube shi ba. Ya zare hannunsa, ya nufi goɗiya, ya shafa wuyanta. Ya ce, "Wane marar imani ne ya yi miki haka?"

Tunau ya ce, "Ni ne, Baba."

Tsoho ya dube shi sama da ƙasa. Ya ce, "Ban san gidanku ba, yaro. Je ka samo mini bagaruwa."

Ya samo. Tsoho ya daka, ya barbaɗa a mikin. Ya sa Tunau ya jiƙa zubka, ya buge ta har ta yi laushi, ya shanya. Ya ce daga yau a kakkaɓe baya kafin a ɗaura sirdi, a goge gumi bayan an sauke, majayi kuma a bar wurin da yatsu za su shiga. Zancen Dutsen Kanya kuwa, ya ce innarsa ta yi haƙuri, ba zai bar dabbar nan a hannun wannan yaro ba.

Da mikin ya ƙame, suka shirya komawa gida. Tsoho ya hana a hau ta sai gashi ya fito, ga shi kuma ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa. Sai Tunau ya ba mutanen ƙauyen ajiyar sirdi, ya durƙusa ya goya ubansa. Goɗiya ta biyo su a baya, ba komai a bayanta. Tasalla ta hango su daga ƙofar gida, ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka.

Gashi ya fito, amma fari fat ya fito a tsakiyar baƙin bayan nan, haka ya zauna har ta tsufa. Baba Nomau bai sake tuna sunan ɗansa ba. Sai dai kowace safiya suna tare a turke, tsoho na faɗa, Tunau na gogewa.

Gwaggo Hakama ta tafa hannu ta ce, "Ƙurunƙus, kan kusu ya shige rami. Duk tsananin saurinku, ku tsaya ku dubi bayan wanda ke ɗauke da ku. Ku tashi haka nan, ƙafata ta yi tsami."