Yadda Aka Ƙwace wa Marina Sunansu

Dalilin da ya sa ake ce wa masu kuɗi "masu hannu da shuni" ba abin alfahari ba ne, yara. Ku gyara zama ku saurara, domin sata aka yi, kuma har yau ba a mayar da kayan ba.

A da can, a garin Tsamiyar Kura, in aka ce mai hannu da shuni, marini ake nufi, ba wani ba. Mutum ne da ke wuni a karofi, wato wurin rijiyoyin rini, yana tsoma zane yana matsewa, har hannunsa ya yi shuɗi zuwa gwiwa. A zamanin, rinannen zane kuɗi ne, ka ba da shi a ba ka hatsi ko gishiri ko akuya. Cikin marinan garin babu kamar Jatau. Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya guda, Lanti, mai shekara shida.

Sai aka yi fari shekara biyu a jere. Rijiyoyin karofi suka ƙafe, masaƙa suka daina kawo zane. Jatau ya yi wata bakwai bai yi rini ba, fatarsa ta koma kamar ta kowa, har farcensa ya fito fari. Da yunwa ta matsa, ya kai wa Barau dillali ragowar shuninsa, ƙwarya guda, ya karɓi gero mudu biyu.

Bayan kwana goma mai gari ya buɗe rumbun tsimi. Hatsin ba zai ishi kowa ba, sai ya kafa doka: marina kaɗai za a auna wa, tunda su za su iya biya da zane in ruwa ya dawo. Shaida kuwa, mutum ya nuna hannu. Ya damƙa awon ga Korama Dela, shugabar masu awo a kasuwa, ya tsayar mata da dogari.

Barau na jin haka ya dama shunin nan a bayan gidansa, ya tsoma hannu. Duk wanda ya kawo masa akuya ko munduwar azurfa, sai ya bar shi ya tsoma.

Washegari Jatau ya zo wurin awo da Lanti a kafaɗa, don ta kasa tafiya.

"Miƙo hannu," in ji dogari.

Ya miƙa.

"Kai, wannan ai hannun wanzami ne! Matsa can."

"Korama, ki faɗa masa mana," in ji Jatau. "Zanen da ke jikinki, wa ya rina shi?"

Dela ta sunkuyar da kai. "Baban Lanti, na san ka, wallahi na san ka. Amma hannu aka ce in duba, ba fuska ba. In na auna maka, ni za a ɗaure."

Barau na gefe ana labta wa jakinsa hatsi. Ya ce, "Haba Jatau, ashe ka bar sana'a ba ka faɗa mana ba? Dubi hannun marina." Ya ɗaga nasa, shuɗi, sumul, ko kantar aiki babu.

Jatau ya ruga karofi, ya kwantar da yarinyar a inuwa, ya shiga busasshiyar rijiya. Ya yi ta kankare bangonta da yatsu, yana tofa yawu yana gogawa ko launi zai kama. Toka ce kawai ta rage. Fatarsa ta tsage. Da la'asar ya koma da hannu jina-jina, ya tarar an share rumbu, ko tsaba babu.

Lanti ba ta kai Juma'a ba. Jatau da kansa ya haƙa kabarinta, ya bar garin, ba a sake jin labarinsa ba.

Da damina ta dawo, ba a biya ko ƙyalle ɗaya ba, domin waɗanda suka kwashe hatsin ba su san rini ba. Amma sunan ya manne musu.

Shi ya sa har yau ake kiran mai kuɗi da sunan da ba nasa ba, marini kuwa yana karofi ba mai tuna shi. Ni ban yafe ba, kuma ina neman a mayar wa marina abinsu. In kun ji an ce wa wani mai hannu da shuni, ku tambaye shi a wane karofi ya samo shi.