San Barau da Rumbun Asibiti

Ku gyara zama, ga wani labari da na san ba za ku tashi da baki ɗaya a kansa ba.

A ƙauyen Dogon Marke akwai ɗan asibiti mai ɗaki biyu. Gwamnati ta gina shi, ta kafa allo, daga nan ba ta ƙara aiko ko ƙwayar magani ba. Da mutane suka gaji da jira, sai suka yi wa kansu dabara. Duk kaka kowane gida zai kai damin gero rumbun asibiti. Ba a taɓa shi sai marka, lokacin da hatsi ya yi tsada, a sayar a sayi maganin zazzaɓin yara. Kowa ya rantse a kan wannan doka.

An gama tara gero ke nan, kububuwa ta sari Hansatu matar Barau wajen kwasar kara. Kafin la'asar jini na fita ta dasashinta. Allurar dafin sai birni, Barau kuwa ba shi da abin sayarwa sai sansa na huɗa, kuma ranar kasuwa da saura. A gigice ya rantse gaban jama'a cewa duk wanda ya ceto masa ita, san ya zama nasa.

Ya durƙusa gaban Tanko, dattijon da ke riƙe da rumbun.

"Baba, matata ce."

"Na sani, ɗan nan. Geron kuma na 'ya'yan mutane ne."

Duk da haka Tanko ya sa aka buɗe rumbu, ya sayar wa wani ɗan kasuwa geron duka a farashin kaka, arha kamar kyauta.

Gambo ɗan acaɓa ya karɓi kuɗin. Gadar hanyar birni ta karye tun bara, zagaye kuma zai kai shi gobe. Ya tsunduma babur cikin rafi zuwa da dawowa. Ya iso da allurar, injin ya mutu a ƙofar asibiti, bai sake tashi ba. Da babur ɗin yake ciyar da gidansa.

Ladidi ce kaɗai malamar jinya a wurin, rabonta da albashi har ta daina tambaya. Ran nan ta ɗaure kayanta, don ta samu aiki a wani asibitin kuɗi a birni, an ce in ba ta iso washegari ba a ba wata. Ta duba bakin Hansatu, ta ajiye jakarta.

"Kai Barau, daina kukan nan ka ɗaga mini ledar ruwa sama!"

Ta zauna kan Hansatu har kumburin ya saɓe. Aikin birni ya wuce ta.

Hansatu ta tashi. Marka ta zo ta tarar da rumbu wayam. Zazzaɓi ya bi gida gida, Ladidi sai dai ta jiƙa tsumma ta goga wa yara. An binne da dama, har da jikar Tanko. Gari ya ƙwace rumbu daga hannunsa, ko ɗaurin aure aka daina kiransa. In Hansatu ta je rijiya hira takan tsaya, wata ta ce, "Ku matsa, ga mai tsada nan." Daga ƙaramar hukuma aka aiko da gaisuwar ta'aziyya, da bokitin fenti a shafa wa bangon asibiti.

Da aka gama aikin gona, Barau ya kwance sansa. Ya san in ya sayar ya raba uku, ba zai ishi kowa komai ba, kuma ba haka ya rantse ba. Ya ja igiya ya tsaya a tsakiyar gari, inda kowa ke ganinsa, ba mai yi masa sannu. Da Tanko bai karya doka ba, babu kuɗi. Da Gambo bai shiga rafi ba, babu allura. Da Ladidi ta hau mota, allurar tana hannu Hansatu za ta mutu.

To, ku da kuka ji, a ƙofar gidan wa Barau zai ɗaure san nan?