Sarki Burgu da Sulken Ƙaya

An yi wani Burgu mai tumbi da ke sarautar Tudun Aya, wani gari na ɓeraye da kuregu a gindin tsohuwar kuka. Babu abin da Sarki Burgu ke so a duniya kamar ya ji ana masa kirari.

Madakin garin, wato shugabar mayaƙa, Bushiya ce. Ba ta da yawan magana, amma ba ta taɓa ba abokin gaba baya ba. A fada kuma akwai Ƙadangare, wanda duk abin da sarki ya faɗa, kafin ya rufe baki ya gyaɗa kai.

Wata damina sai wani ƙaton Muzuru ya sako garin gaba. Yau ya ɗauke ɗan wannan, gobe ya ɗauke kakar wancan, har aka daina zuwa tonon aya. Da abin ya ishi mutane, Bushiya ta sa aka buga gangar yaƙi. Ta hayar da kuregu kan kuka, kowa da busasshen ɗan kuka a hannu, ta ɓoye ɓeraye cikin ciyawa, ita kuma ta kwanta a ƙofar gari ta lulluɓa da ganye.

Muzuru ya iso yana lasar baki. Ya ga ganye na motsi, ya daka tsalle ya kai cafka, sai ya ji bakinsa ya cika da ƙaya. Kafin ya gama ihu kuregu sun yi masa ruwan 'ya'yan kuka a ka, ɓeraye sun taso suna cizon ƙafa. Gogan naku ya cika wandonsa da iska, ko waiwaye babu.

Duk wannan bidiri Sarki Burgu na cikin rumbun fada. Ya ce ya shiga ne don ya tsare abincin talakawa.

Gari ya ɗauki guɗa. Mata na niƙa suna waƙar Bushiya, yara na wasan yaƙi kowa na cewa shi ne Madaki. Sarki ya kasa kunne ko zai ji sunansa cikin waƙar, bai ji ba. Daga ranar ko gyaɗa ya sa a baki sai ya ji ta kamar tsakuwa.

Ƙadangare ya lura. Ya matso kusa da karaga ya rage murya, ya ce shi dai ba mai gulma ba ne, amma wadda aka yi wa waƙa yau, gobe rawani za ta nema. Ya kuma tambayi sarki ko ya taɓa ganin ta shigo fada ba da makami ba.

Washegari aka tara fada, aka kira Bushiya. Sarki ya gyara zama ya ce, “Daga yau babu mai shigo mini da makami. Madaki, ajiye ƙayoyinki a ƙofa.”

“Ranka ya daɗe, da su aka haife ni,” in ji Bushiya.

“Kun ji ko? Tana musu da sarki,” in ji Ƙadangare.

Bushiya ta dube shi ta ce, “Kai ranar yaƙi ina kake?”

“Ina bayan rumbu, ina tsaron mai tsaron abinci.”

Fadawa suka tuntsire da dariya, dariyar kuwa ta ƙara tunzura sarki. Nan take ya tuɓe Bushiya daga sarauta, ya ce kada rana ta faɗi tana garinsa. Wata tsohuwar kurege ta roƙe shi ya tuna cewa Muzuru gudu ya yi, ba mutuwa ba, sai sarki ya daka mata tsawa.

Ran Bushiya ya ɓaci, domin a garin aka binne cibiyarta, amma ta faɗi ta yi gaisuwa, ta kwashi 'ya'yanta ta haye rafi, ta tare a gindin wata tsamiya.

Sarki Burgu ya sa aka yi shela cewa shi ne sarki, shi ne kuma Madaki. “Wai ƙaya ce jarumta?” in ji shi. “Ai ƙaya ta cika daji.” Ya tura ɓeraye suka ɗebo farar ƙaya da ƙaro, aka shafe masa baya da ƙaron, aka kakkafa ƙayoyin ɗaya bayan ɗaya. Da aka gama ya fi Bushiya tsini sau biyu. Zama ya gagare shi, kwanciya sai rub da ciki, amma Ƙadangare ya rantse bai taɓa ganin sulke irin wannan ba, ya yi masa kirari da Gagara Badau, dodon muzurai.

Ana nan, bakin Muzuru ya warke, yunwa kuma ta tuna masa da hanyar Tudun Aya. Ya iso da tsakar rana, lokacin da zafi ke narka dutse.

Mutane suka ruga fada. Sarki ya so ya nufi rumbu, amma idon gari duka na kansa, ga kirarin da ya sha. Dole ya fita ƙofar gari yana tafiya a talale. Ya manta bai sa kowa a kan kuka ba, bai kuma ɓoye kowa a ciyawa ba.

Muzuru ya hango tulin ƙaya ya ja birki, ya tuna da bakinsa. Ya samu inuwa daga nesa ya zauna yana kallo. Sarki ya ɗauka tsoro ne, ya kumbura ya ce, “Matso mana, ɗan kyanwar daji!”

Muzuru bai matso ba, rana ce ta yi aikinta. Ƙaro ya fara narkewa, ƙaya ɗaya ta faɗo, wata ta bi ta, wasu suka zame suka karkace. Can sai ga tumbi ya bayyana yana sheƙi.

“Af, ashe kai ne,” in ji Muzuru, ya miƙe yana miƙa. “Ni na ce yaushe Bushiya ta yi ƙiba haka.”

Sarki ya juya da gudu ya nufi ramin fada. Kai ya shige, kafaɗa ta shige, sauran ƙayoyin suka tokare bakin rami, ya maƙale. Muzuru ya kama wutsiya ya ja, fadawa suka kama kunnuwa daga ciki suka ja. Da ƙyar sarki ya faɗa ciki tim, Muzuru kuma ya tafi da rabin wutsiya, yana cewa wannan ɗanɗano ne, zai dawo cin tuwon.

Ba wanda ya tsaya jiran dawowarsa. Kafin la'asar ɓeraye da kuregu sun ɗaure kayansu sun haye rafi. Bushiya ta tarbe su, ba ta yi wa kowa gori ba, ta dai nuna musu inda za su tona ramuka da inda za a kafa masu gadi.

Sarki Burgu ya leƙo ya ga gari wayam, sai Ƙadangare a kan katanga da ƙunshinsa a wuya.

“Har da kai?” in ji sarki.

“Allah ya ja zamaninka, zan je ne in gano maka abin da suke ƙullawa,” in ji Ƙadangare. Ya gyaɗa kai, ya sulale, bai dawo ba.

Babu wanda ya ƙwace wa Burgu sarauta. Karagarsa na nan, rumbunsa na nan. Sai dai in ya so jin kirari, shi ke yi wa kansa, a can ƙuryar rami, da murya ƙasa-ƙasa don kada Muzuru ya ji.

Darasin da ke cikin labarin nan shi ne, shugaban da ya kori jaruminsa don hassada, ganuwar garinsa ya rushe da hannunsa. Ana iya aron kayan yaƙi, amma ba a aron zuciya, kuma zanen aro ba ya rufe katara. In Allah ya haɗa ku da wanda ya fi ku iya wani abu, yara, ku riƙe shi hannu bibbiyu, ku yi nesa da mai gyaɗa muku kai a kan kome.