Ofishin Hankaka a Kogon Kuka

An yi wata tsohuwar kuka a bakin rafi, wadda tsuntsaye suka mayar garinsu. Ba su da sarki, majalisa gare su. Kullum da hantsi sai su hallara a babban reshe, kowa ya faɗi albarkacin bakinsa, a yi ta musu har maƙogwaro ya bushe, sannan a ɗaga fukafukai a ga ra'ayin da ya fi rinjaye. A cikinsu suke zaɓar Firaminista, aikinsa kuwa bai wuce ya buɗe taro, ya raba faɗa, ya tuna wa kowa abin da aka yanke ba.

Suna da wata al'ada tun kaka da kakanni. Duk wanda ya hango maciji sai ya ƙwalla kururuwa, kowa ya saki abin da yake yi, a yi wa mugu taron dangi, ana sara ana yakushi har ya gudu. Uwar kururuwa ita ce Zabuwa, Ministar Tsaro, wadda in ta buɗe baki har kurma sai ya waiwaya.

Wata shekara aka zaɓi Hankaka. Yana da ƙwazo, ba a raba shi da wannan, amma girman kai ya yi masa katutu. Abin da ya fi ci masa rai shi ne zama reshe ɗaya da su gwara, kuma ƙaramar gwara ta katse shi yana magana.

Ana nan sai Jemage ya same shi. Shi Jemage ba ɗan majalisa ba ne, ba wanda ya zaɓe shi, hasali ma ba a gama musu a kan ko tsuntsu ne ba. Amma bakinsa zuma.

"Ranka ya daɗe," in ji shi, "babba kamarka a ce ba ka da ofis? Ga kogon kukar nan a banza. Bar mini ƙananan ayyuka, kai ka ji da manyan tunani."

Hankaka ya ji daɗi har cikin ransa. Aka buɗe Ofishin Firaminista. Jemage ya kawo ƙannensa, ƙannen suka kawo surukansu, har kogo ya cika da mashawarta, kowa a rataye kai ƙasa, yana kallon duniya a kife yana ba da shawara.

Da farko rabon rassan gina sheƙa aka mayar ofis, wai don a rage rigima. Daga nan lokacin zuwa rafi. Daga nan har wanda zai fara waƙar asuba. 'Yan majalisa kuwa, kada ku ji tausayinsu da yawa, murna suka yi. Musu ya ragu, barcin hantsi ya ƙaru. Su zo, a faɗa musu abin da ofis ya yanke, su ɗaga fukafukai, su watse.

Wata rana Hankaka yana tsaka da jawabi ga baƙin shamuwa, sai Zabuwa ta hango wani abu a nannaɗe a gindin kuka, ta ƙwalla ihu. Hankaka ya zabura, ƙafa ta zame, ya rikito a gaban baƙi. Da aka duba, ashe tsohuwar igiya ce wani makiyayi ya yar.

Kunya ta kama shi, ta koma fushi. Kashegari ya ce wa majalisa, "Daga yau ba mai kururuwa sai da izinin ofishina. Kuma duk wanda ya yi ko ya amsa kururuwar da ba ta da izini, ya bar sheƙarsa."

Zabuwa ta yi tsalle. "Kai Hankaka, tare fa muka yi kiwon fara! Maciji ne zai tsaya jiran izini?"

"Firaminista ake cewa."

"To, Firaminista! Su waɗancan da ka tara, wa ya zaɓe su? In sun yi kuskure wa za mu tuhuma?"

"Kin ji ki! Wadda ba ta bambance igiya da maciji ce za ta koya mini mulki?"

Aka kwashe da dariya. Aka ce a ɗaga fukafukai, duk suka ɗaga, don sun riga sun saba. Hankaka ya koma gida yana taƙama, bai taɓa jin kansa babba irin na ranar ba.

Damina ta kankama, matar Hankaka ta yi ƙwai a sheƙarsu da ke can ƙololuwa. Shekara da shekaru suna nema ba su samu ba, saboda haka ƙwan nan su ne ransa. Ran nan da tsakar rana ta tafi rafi, ta bar shi gadi. Can ya leƙa ƙasa, sai ga Mesa tana hawowa a hankali, ba ta ko sauri.

Ya ƙwalla kururuwa iya ƙarfinsa. Tsuntsaye suka leƙo daga sheƙunansu, suka dubi juna. Wata kurciya ta ce, "Wannan da izini kuwa?" Ba wanda ya sani, kowa ya mayar da kansa ciki.

Ya faɗo wurin Zabuwa yana haki. "Yi ihu! Muryarki suka sani!"

"Na gan ta tun tana gindi, Firaminista," in ji ta, hawaye a idonta. "Na je ofis har na gaji. In na yi ihu, 'ya'yana su kwana ina?"

Ya yi fiffike zuwa kogo. Ciki duhu, ba ka jin komai sai minshari, don jemagu da rana suke barci. Ya yi ta bugun Jemage har ya buɗe ido ɗaya.

"Mesa! A ba da izinin kururuwa yanzu-yanzu!"

Jemage ya yi hamma. "Ranka ya daɗe, sai sashen tantancewa ya tabbatar ba igiya ba ce. Su kuwa sai magariba suke fita aiki."

"Ni na gan ta da idona! Ni ne Firaminista!"

"Babu shakka kai ne, Allah ya ja zamaninka. Amma dokar ba ta ce izinin Firaminista ba, cewa ta yi izinin ofishinsa. In kana son a gyara, sai a kai majalisa gobe da hantsi." Ya rufe idonsa.

Hankaka ya koma shi kaɗai, yana sara yana kuka. Mesa ba ta ko dube shi ba. Ta haɗiye ƙwan ɗaya bayan ɗaya, ta huta, ta sauka abinta.

Da rana ta faɗi, jemagu suka farka, suka bi sawu, suka tabbatar lalle mesa ce. Ofis ya ba da izini. Zabuwa ta ƙwalla kururuwa, tsuntsaye suka fito ƙwansu da ƙwarƙwatarsu, suka kewaye sheƙar da ba komai a ciki, sai Hankaka da matarsa sun haɗa kai suna kuka.

Jemage ya matso ya rusuna. "Ranka ya daɗe, ka ga yadda tsari ke aiki? Ko tsuntsu ɗaya bai karya doka ba."

Darasin da za mu ɗauka a wannan labari shi ne, shugaban da ya kwashe ikon jama'arsa ya tara a ɗaki ɗaya, yana zaton girma ya ƙara wa kansa, alhali masu ɗakin ya ƙara wa. Su ma masu ɗaga fukafukai ba tare da tambaya ba suna da nasu laifin. Ranar da masifa ta hawo, zai kira jama'a su kasa amsawa, ya ƙwanƙwasa ƙofar da ya gina da kansa a ce masa ya jira.