Ɗakunan Ja'afaru da Rigar Ango

Akwai wani Ja'afaru a Ƙofar Wambai, ɗan gidan maɗinka ne, amma shi kwamfuta ya karanta. Shi da abokinsa Mansir suka haɗa manhajar da ke sarrafa kekunan surfani na zamani.

A cikin manhajar Ja'afaru ya dasa wani ɗan tafinta. Maɗinki zai rubuta gajeren umarni, ka yi gaba, ka juya, ka maimaita, tafintan ya karanta, keke ya ɗinka.

Nan suka saɓa. Mansir ya ce a zuba umarnin kowa wuri ɗaya a gama. Ja'afaru ya ce sai ya gina wa kowane umarni ɗakinsa, ba ya ganin na maƙwabci, ba ya taɓa shi. Aiki ya ja. Mansir ya sa masa suna Sarkin Magina, ko a wurin mai shayi haka yake kiransa. Ja'afaru ya ci gaba da gininsa har ya gama.

Sai ga auren Mansir ya zo. Babbar rigarsa tana shagon Malam Hammajoda, inda kwamfuta ɗaya mai manhajarsu ke jan kekuna uku. Shadda ce da mahaifiyarsa ta ajiye masa tun yana makaranta, babu ta biyu. Washegari ɗaurin aure.

Malam Hammajoda ya rubuta zanen rigar, ya sa masa suna aska. Jalo, mai keken gefe, yana gwada sabon zane a kan ƙyalle, shi ma ya kira nasa aska, don duk maɗinkin garin nan haka yake yi. Ya kuma manta bai faɗa wa keke inda zai tsaya ba. Allurarsa ta kama zagaye wuri ɗaya har zare ya yi dunƙule.

Mansir yana tsaye. Ya san abin da suna ɗaya ke jawowa idan aka zuba umarni wuri ɗaya: na baya ya danne na farko. Ya dafe kai yana salati, yana kallon shaddarsa.

Tafintan ya rufe ɗakin Jalo shi kaɗai. Keken rigar ango ko gezau bai yi ba, ya ci gaba har ƙarshe. Askar ta fito tsaf.

Shago ya kaure da dariya. Malam Hammajoda ya ɗaga ƙyallen Jalo ya ce wannan sai a ba ango ya yi hula.

Ja'afaru ya shigo ana cikin haka. Mansir ya rungume shi.

"Sarkin Magina, ranka ya daɗe. Yau da gaske nake."

"To ango, a rushe katangar ɗakunan? Ta ɓata mana lokaci."

"Ka ƙara mata bulo."

Da rigar aka ɗaura aure. Ja'afaru ne ya riƙe masa hannunta.

Darasi: Mai gyara aiki a natse ba ɓata maka lokaci yake ba. Kada ka yi masa ba'a, wata rana kayanka zai tsare. Ku tura wa masu gaggawa su karanta.