Shantun Inna Tabawa

Ku matso kusa, ga wata nan tafe, amma ba ta dariya ba ce. Idan na kai ƙarshe akwai shari'ar da zan bar muku.

A wani ƙauye da ke bakin kogin Haɗeja an yi wata mata, Inna Tabawa, wadda ba a biki ko suna sai da shantunta. Ba ta sayen shantu a kasuwa. Tana da irin dumanta da ta gada wurin kakarta, dogo siriri, mai kaurin ɓawo, wanda idan ya bushe aka fafe shi amonsa kan kai har bayan gari. Shekarar da kogi ya yi ambaliya, ruwa ya tafi da rumfar duman, da tukunyar iri, da shantunanta duka. Ba a daɗe ba ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da ita, magana ta ɗauke. Abin da ya rage mata hannun hagu ne, kuma wuni take tana buga shi a cinya, kamar mai riƙe da abin da babu shi. 'Ya'yanta mata uku, Lantana da Barira da Delu, suka sayo mata shantu a kasuwa. Ta taɓa shi sau ɗaya, ta juya fuska bango. Nan suka yi alkawari a tsakaninsu cewa sai sun sa mata nata a hannu kafin ta bar duniya.

To amma ina iri? Suka tambayi maƙwabta da ƙauyukan kusa, kowa ruwa ya wanke nasa. Lantana, babbarsu, da ke aure a kan tudu inda ruwa bai kai ba, ita kaɗai ta san inda irin ya rage. Akwai wani ɗan duma da Inna ta taɓa tsinka wa jikarta Hanne, 'yar Lantana ɗaya tilo, ba a fafe shi ba, yarinyar tana kaɗawa 'ya'yan ciki suna kacau-kacau. Ƙyanda ta ɗauke Hanne tun ba ta iya gudu sosai ba, kuma Allah bai sake ba Lantana haihuwa ba. Ɗan duman nan shi kaɗai ta ajiye, har da shatar haƙoran yarinyar a wuyansa. Ta kwana biyu tana ɗauko shi tana mayarwa cikin adaka. Rannan ta zo gida da shi, ta ɗora a kan turmi, ta rufe ido ta sa taɓarya. Irin ya tsufa, cikin duk abin da suka shuka ƙwaya ɗaya ce ta fito.

Ga shi kuma rani ne, ba lokacin duma ba, awaki da ƙwari ba su barin ko ɗanyen ganye. Barira, ta tsakiya, ta karanci aikin gona, kuma a makon nan aka kira ta aiki a wata babbar gonar noman rani, aikin da ta daɗe tana nema. Ba ta je ba. Ta share ɗakin da ruwa ya rushe wa rufi, ta ɗinke gidajen sauro ta lulluɓe samansa, haske na shiga, ƙwaro ba ya shiga, ta dasa tsiron a ciki. Ta samo tsohuwar komar kamun kifi ta shimfiɗa a kwance daidai ƙirji, ta ɗaure a kan turaku. Duma ya miƙe sama da sauri, sai dai furannin maza kawai yake yi. Wata safiya Barira ta sa reza ta datse masa kai. Lantana ta shigo ta ga tohon a ƙasa, ta zauna daɓas.

"Barira, abin da ya rage min na Hanne kika yanke."

"Yaya, idan na bar shi ya bi sama, ganye za mu samu. 'Ya'ya a rassan gefe suke."

Lantana ta daina yi mata magana, ko kwano ba sa haɗawa. Barira ta shanye. Kullum da sassafe tana ɗakin, duk reshen da ya ɗago kai ta lanƙwasa shi a hankali ta tura ƙarƙashin ragar komar, ya sake ɗagowa ta idon raga na gaba ta sake mayar da shi, har ganye ya shimfiɗu fal kamar tabarma, kowane reshe na samun rana. Dabararta ita ce idan ɗa ya kama, ya rataya ta idon raga ya sauko a miƙe, domin duman da ya kwanta a ƙasa lanƙwashewa yake, ba ya shantu. Furannin mata suka fara fitowa, masu ɗan kumburi a gindi. A daidai nan zazzaɓin taifot ya kayar da Barira, aka tafi da ita asibitin birni ba ta san inda take ba, Lantana ta bi ta jinya.

Gida ya rage daga Delu, auta, sai Inna sai duma. Dama ita ke juya Inna, ta wanke ta, ta ba ta koko a baki, kuma ita kaɗai ke gane abin da idonta ke faɗi. Rijiyar gidan ta ja baya, sai ta je kogi ta ɗebo wa mutum biyu, uwa da shuka. Furannin mata kuwa sai su buɗe, su yi yaushi, su zube. Inna ta fara ƙin abinci. Delu ta ɗauki al'adar goya ta a baya da magariba, lokacin da fararen furannin ke buɗewa, ta kai ta ɗakin ta ce, "Inna, ki ci ko loma ɗaya, kin ga naki yana hanya." Wata magariba ta ga Inna ba furen take kallo ba, sama take kallo. Ta bi idon, sai ga wani ƙwaro mai fukafukai yana ta bugun gidan sauro daga waje. Ashe abin da ya kare duman daga maɓarnata ya hana masu kai garin fure shiga. Da Barira tana cikin hayyacinta da ta faɗi wannan tun farko, amma ba ta nan. Delu ta tsinko furen namiji, ta riƙe hannun Inna na hagu, suka goga shi a kan na mace. Haka suka riƙa yi har furanni suka ƙare. Guda ɗaya ya kama.

Ya sauko ta idon raga, sambal, tsawon kamu ɗaya da rabi. Barira ta dawo da sanda, Lantana na riƙe da ita, sun shirya. Saura duma ya ƙosa ya bushe, shi kuwa ba a yi masa gaggawa, idan aka tsinke shi ɗanye ruɓewa zai yi. Ƙarfin Inna ya ƙare kafin nan. Da suka ga alama, suka shimfiɗa mata tabarma a ƙarƙashin ragar. Ta ɗaga hannu ta ƙwanƙwasa shi da zobenta. Ɗanye ne, bai yi amo ba. Duk da haka ta riƙe shi, ta daɗe ba ta saki ba. Washegari da hantsi ta cika.

Bayan sadakar arba'in duma ya bushe, aka fafe shi. Iri suka raba uku ba gardama. Delu ta gwada shi a cinya sau ɗaya, matan unguwa suka leƙo ta katanga suna share hawaye, don amon na Tabawa ne. Yanzu za a rufe gidan. Lantana za ta koma tudu, Barira birni neman wani aikin, Delu gidan kawunsu. Shantu ɗaya ne, ba ya rabuwa, yana kan gadon Inna, kuma babu wadda ta iya buɗe baki ta ce a ba ta. Masu cewa Lantana sun ce ba don ta fasa abin 'yarta ba, da ba a ga ko ganye ba. Masu cewa Barira sun ce iri ba ya zama shantu da rani sai da ragar nan da rezar nan. Wasu kuma suka ce fure ba ɗa ba ne, kuma ba don Delu ba da Inna ba ta kai ranar da ta taɓa shi ba.

To, ku da kuka ji, wace ce a cikin ukun nan ta fi cancanta ta fita daga gidan da shantun Inna Tabawa?